Jatau, akun da Baba ya bar mini, da labarin abincinsa

Akun da ke gidana ba saye na yi ba, gadonsa na yi. Baba, Allah ya jiƙansa, yana tare da shi tun muna 'yan mata, kuma bayan rasuwarsa babu wanda ya nuna yana son ɗaukar kejin. Yayata ce ta dube ni ta ce, "Ke ce yake yarda ki sosa masa kai, ki tafi da shi kawai." Aku ne mai launin toka da jar wutsiya, Baba ya raɗa masa suna Jatau. Irin wannan akun yakan kai shekara 40, wani ma har 60 idan ya sami kulawa, don haka tun ranar na san amana ce mai tsawo aka ɗora mini.

Ya zo da kejinsa, da kwanukansa biyu, da ragowar buhun abincinsa. Haɗin ƙwayoyi ne irin wanda ake sayarwa da hoton aku a jikin leda: 'ya'yan furen rana, gyaɗa mai ɓawo, busasshiyar masara, ƙananan tsaba iri-iri, da wasu 'yan dunƙule masu launin ja da kore. Baba bai taɓa barin kwanon nan ya ƙare ba. Abin da ya sani ke nan, kuma shi ne abin da yawancin masu aku na zamaninsa suka sani.

Da yake ni nake share kejin kowace safiya, ban daɗe ba na lura da wani abu. Idan na ɗauko kwanon sai in gan shi kamar a cike, amma da na hura iska a kai sai ɓawo ya tashi, baƙi da fari, ya bar abin da ke ƙasa. Abin da ke ƙasan kuma kullum iri ɗaya ne: masarar tana nan, ƙananan tsabar suna nan, 'yan dunƙulen nan masu launi ko taɓa su bai yi ba. Na zauna na kalle shi yana ci. Yakan sa baki ya tona, ya watsar da abin da ba ya so ta gefe, ya zaro ƙwayar furen rana guda, ya riƙe da ƙafar hagu, ya juya ta da harshe, ya ɓare, ya haɗiye cikin, ya saki ɓawon. Cikin abubuwa da yawa da aka jera a jikin ledar, biyu kacal ke shiga cikinsa, furen rana da gyaɗa.

Jikinsa kuma yana faɗin haka, ko da yake a lokacin ana ɗauka tsufa ne. Yana yawan atishawa. Ƙofar hancinsa ɗaya takan toshe da wani busasshen abu. Gashinsa ya dusashe, jan wutsiyar ma ya koɗe. Fatar tafin ƙafarsa ta yi sumul, ta rasa 'yan gurzajen da ya kamata a gani. Sai wani dare muka ji ƙarar faɗuwa daga falo. Na tarar da shi a ƙasan keji, fuka-fukai a buɗe, jiki yana karkarwa, ƙafafu sun ƙi riƙe komai. Bayan ɗan lokaci ya dawo hayyacinsa, amma ni ban rintsa ba har gari ya waye.

Likitar dabbobin da muka samu ta san tsuntsaye, wanda ba kowane likitan dabbobi ba ne ya san su. Ta naɗe shi da tawul, ta ɗora shi a sikeli, ta taɓa ƙirjinsa, sannan ta buɗe bakinsa da wani ɗan ƙarfe ta haska fitila. Ta ce, "Hajiya, matso ki gani." A saman bakin aku akwai wata tsaga da ke haɗe da hanci, gefenta kuma akwai 'yan ƙananan tsinaye a jere. Ta ce a lafiyayyen aku suna da tsini, na Jatau kuwa sun dakushe, wasu sun shafe gaba ɗaya. Wannan alama ce ta ƙarancin bitamin A. Shi ne ke kula da lallausar fatar da ta lulluɓe cikin baki, da hanci, da hanyar numfashi. Idan ya yi ƙaranci sai fatar ta yi kauri ta bushe, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Atishawar da toshewar hancin daga nan suke.

Gwajin jini ya nuna kalsiyam ɗinsa, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ya yi ƙasa, kuma shi ne sanadin faɗuwar. Ta bayyana mini cewa aku mai launin toka ya fi sauran dangin aku saurin kamuwa da wannan matsala. Tsaba ba ta da kalsiyam sosai, fosfaras ya fi yawa a cikinta, jiki kuma ba ya iya amfani da ɗan kalsiyam ɗin da ya samu sai da bitamin D3. Tsuntsu yana samun wannan bitamin idan hasken rana ya taɓa shi kai tsaye, amma gilashin taga yana tare ɓangaren hasken da ke yin aikin. Jatau ya shekara da shekaru a gefen taga, yana ganin rana, ba ya amfana da ita.

Na ce, "Likita, to ai a jikin ledar an rubuta an ƙara bitamin."

Ta ce, "An ƙara, amma ina aka sa shi? Ko dai an fesa a kan ɓawon, shi kuma ɓawon yake yarwa, ko an zuba a cikin 'yan dunƙulen nan da kika ce ba ya ci."

Daga nan ta kawo maganar mai. Kusan rabin nauyin ƙwayar furen rana mai ne, gyaɗa ma haka. Akun daji a dazuzzukan Yammaci da Tsakiyar Afirka yana cin abinci mai maiƙo, har da 'ya'yan kwakwar manja, amma yana tashi tafiya mai nisa kowace rana tsakanin inda yake kwana da inda yake kiwo, ga shi kwakwar manja cike take da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Na keji kuwa yana cin man ne yana zaune a kan sanda. Kitsen sai ya taru a hanta, ya taru a jijiyoyin jini. Ita gyaɗa mai ɓawo tana da wani haɗarin na daban, domin fumfuna mai suna Aspergillus tana son zama a cikinta. Tana iya shiga huhu da jakunkunan iskar tsuntsu ta haddasa cuta mai wuyar magani, wani nau'inta kuma yana fitar da guba mai suna aflatoksin da ke lalata hanta.

Ta ba shi magani, ta ce a bari ya murmure tukuna, domin ba a canja wa tsuntsu abinci yana cikin ciwo. Idan ya ji sauƙi, sai mu fara mayar da shi kan felet.

Felet dunƙulallen abinci ne da ake haɗawa a masana'anta. Ana niƙa hatsi da waken soya ko makamantansu, a zuba bitamin da ma'adinai gwargwadon awo, a cakuɗa, sannan a fitar da shi ƙwaya-ƙwaya. Wani ana dafa shi da zafi da matsi ya fito a kumbure da ɗan garas-garas, wani kuma matse shi kawai ake yi ya fito da ƙarfi. Amfaninsa guda ɗaya ne babba: kowace ƙwaya daidai take da 'yar'uwarta, tsuntsu ba shi da abin tsincewa ya bar saura. Ba sabon abu ba ne. Wani likitan dabbobi a Amurka, Dakta T. J. Lafeber, ya fara haɗa wa tsuntsayen gida irin wannan abinci tun shekarun 1970. Tom Roudybush ya yi bincike kan abincin ƙananan aku da ake kira kokatil a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis kafin ya kafa kamfaninsa a 1985. Dakta Greg Harrison, likitan tsuntsaye a Florida, shi ma ya fitar da nasa mai suna Harrison's. Akwai ZuPreem da wasu da dama.

Zaɓen wanda zan saya ya ɗauke ni lokaci, don na zauna na karanta bayan leda ɗaya bayan ɗaya. Abu na farko da na duba shi ne a tabbatar an rubuta cikakken abinci ne na yau da kullum, domin akwai abubuwan da kamanninsu na felet ne alhali na lasa ne kawai. Sai girman ƙwayar. Jatau da ƙafa yake riƙe abinci, saboda haka ƙanana irin na kokatil ba za su yi masa ba, manya irin na babban akun da ake kira makaw kuma zai farfasa ya zubar da rabi. Sai jerin kayan haɗi, wanda ake rubutawa daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Idan na ga sukari ya hau can sama, sai in ajiye ledar. Sai ranar ƙarewar wa'adi, wadda nake ganin mutane ba sa damuwa da ita, alhali bitamin yana raguwa da daɗewa, man da ke ciki kuma yana iya yin gumi ya canja wari.

Batun launi kuwa, ni dai na zaɓi marar rini. Ba na cewa masu launi guba ne, tsuntsaye da yawa suna rayuwa lafiya a kansu, kuma wani tsuntsun launin ne ke jawo shi ya ɗanɗana tun farko. Dalilina biyu ne. Rinin yana canja launin kashi, ni kuma kashin nan shi ne abin da nake dubawa kowace safiya don in san halin da yake ciki. Na biyu, tsuntsun da ya saba tsince-tsince zai iya komawa gidan jiya, ya riƙa cin ja yana barin kore.

Ranar da na fara zuba masa, ya karkata kai ya kalli kwanon da ido ɗaya, ya ɗauki ƙwaya guda, ya taka zuwa bakin keji, ya sake ta ƙasa, ya leƙa ya ga inda ta faɗi. Haka ya yi ta yi har kwanon ya kusa ƙarewa. Bai san abinci ba ne. Wannan shi ne abin da nake so duk mai aku ya riƙe da kyau: aku yana iya mutuwa da yunwa a gaban kwano cike da abincin da bai gane ba. Masu cewa a cire tsabar gaba ɗaya, yunwa za ta koya masa, suna wasa da ran tsuntsu ne. Wani zai ci, wani kuma zai yi shiru yana ramewa a ƙarƙashin gashinsa, ba za a ankara ba sai ya kasa tsayuwa.

Shi ya sa likita ta sa na sayi ƙaramin sikeli mai auna giram. Kowace safiya, bayan ya yi kashin farko kuma kafin ya ci komai, nakan ɗora shi a kai in rubuta. Irin wannan aku yawanci nauyinsa tsakanin giram 400 ne zuwa 500. Ta ce 'yar raguwa ba abin tsoro ba ce, amma idan ta doshi kashi 10 cikin 100, wato kamar giram 45 ga tsuntsu mai giram 450, a dakata a mayar masa da abincin da ya sani a kira ta. Ta kuma ja mini kunne kan garin felet a ƙasan kwano. Ganin gari ba ya nufin ya ci, aku yakan niƙa abu don wasa. Kashi ne ke faɗin gaskiya. Na shimfiɗa farar takarda a ƙasan keji ina dubawa. Idan kashin ya ragu, ya ƙanƙance, ya yi kore mai duhu, cikinsa babu komai. Idan felet ya fara shiga, sai kashin ya ƙara kauri ya koma ruwan ƙasa.

Tsarin da ya yi mana aiki shi ne na raba lokaci. Da safe, lokacin da ya fi jin yunwa, felet kaɗai ke cikin kwano. Da yamma sai in ba shi tsabarsa, amma a aune, ba a cike kamar da ba, ina rage ta kaɗan-kaɗan. Na niƙa felet na barbaɗa a kan dafaffiyar kabewa, wadda na gano yana so. Na jiƙa wani da ruwan ɗumi ya yi laushi, na cusa 'yan ɓararrun 'ya'yan furen rana a ciki, ta yadda sai ya ɗanɗana kafin ya kai ga abin da yake nema. Jiƙaƙƙen felet ba ya jimawa yake lalacewa, saboda haka bayan 'yan sa'o'i nake zubarwa in wanke kwanon.

Abin da ya karya taurin kansa dai ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Aku tsuntsun garke ne, a daji abin da ya ga 'yan'uwansa suna ci shi yake ci. Autana ne, yana ɗan shekara shida a lokacin, ya zauna gaban keji da felet a faranti yana yin kamar yana ci, yana lumshe ido yana cewa, "Umma, daɗi!" Jatau ya sauko daga sandarsa, ya manne da jikin waya, ya miƙo wuya. Yaron ya juya masa baya, ya hana shi. Da ya ga ana hana shi sai abin ya yi daraja a idonsa. Da aka miƙa masa guda, ya karɓa da ƙafa, ya gatsa, ya tsaya, ya sake gatsa, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Daga wannan rana zuwa lokacin da felet ya zama abincinsa na sosai an ɗauki watanni, da ci gaba da koma baya. Sannu ba ta hana zuwa.

Goggo, ƙanwar Baba, ba ta ji daɗin abin ba da ta zo ta gani. Ta ce, "'Yar nan, tsuntsun nan shekara nawa yana cin abincinsa a hannun ubanki bai mutu ba? Yanzu kin ɗauke masa abin da yake so kin ba shi wannan busasshen abu." Na fahimci abin da ke ranta, tana ganin kamar ana aibata kulawar da ɗan'uwanta ya yi ne. Na ce, "Goggo, Baba ya riƙe shi da zuciya ɗaya, ba wanda zai ce ba haka ba. Ciwon ne ba ya nunawa da wuri." Gaskiyar ke nan. Tsuntsu yana ɓoye rashin lafiya, domin a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara kamawa, ƙarancin bitamin kuma a hankali yake cin jiki, shekara bayan shekara. Amma a maganar Goggo akwai abin da na ɗauka. Kwanon felet zalla, safe da yamma, rayuwa ce marar daɗi ga halitta mai kaifin basira irin aku, wanda a daji yake kwashe sa'o'i yana nema, yana ɓarewa, yana fasawa.

Likitocin tsuntsaye da yawa suna ba da shawarar felet ya zama kamar kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na abincin manyan aku, ragowar kuma ganye da kayan lambu, da ɗan 'ya'yan itace, da tsaba kaɗan. A gidana na fi karkata ga ƙasan wannan awo, don Jatau ya karɓi kayan lambu hannu bibbiyu. Da safe yana samun yankakken karas, kabewa, jan tattasai, burokoli, da ganye mai duhun kore. Masu launin ja da ruwan lemo, da ganye mai duhun kore, suna ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Barkono ma yana ci har 'ya'yansa, domin tsuntsaye ba sa jin yajinsa kamar yadda muke ji. Gwanda ko mangwaro ɗan yanki ne, saboda zaƙi. Wake sai an dafa shi sosai, ɗanye yana da illa. 'Ya'yan furen rana ba su ɓace daga rayuwarsa ba, sun zama lada. Idan ya hau sikeli da kansa, ko ya koma keji ba gardama, yana samun guda biyu ko uku daga hannuna, kuma yanzu sun fi yi masa daɗi fiye da lokacin da suke zube a kwano. Felet ɗin ma ba duka nake zubawa a kwano ba. Wani ina naɗe shi a farar takarda in rataye, wani in cusa a ramin katako, ya sha aiki kafin ya ci.

Akwai abubuwan da kowa a gidan ya haddace, har baƙi ana gaya musu: ba a ba shi abokado, wato fiya, ba a ba shi cakulan, ba kofi, ba shayi, ba albasa ko tafarnuwa, ba abu mai gishiri, ba 'ya'yan cikin tuffa. Abokado yana da sinadarin da ke iya kashe tsuntsu cikin ƙanƙanin lokaci. Wani abin da ban yi tsammani ba shi ne gargaɗin likita cewa da zarar ya zauna kan felet, kada in ƙara masa bitamin na ɗigawa a ruwa. Bitamin A da D ba sa fita da sauƙi, taruwa suke yi a jiki, yawan D kuma yana lalata ƙoda. Rana ce kawai ta ce in ƙara masa. Ina fitar da kejin waje da hantsi, rabi a inuwa rabi a rana, ina zaune kusa da shi.

Ledar felet kuwa ƙarama nake saye, wadda za ta ƙare cikin 'yan makonni bayan buɗewa. Ina matse iskar in rufe, in sa a mazubi mai murfi, a wuri mai sanyi marar danshi. Kafin in zuba nakan sansana.

Sauyin bai zo a dare ɗaya ba, sai da ya zubar da tsohon gashi sabo ya fito. Sabon ya zo da sheƙi, jan wutsiyar ya dawo da ƙarfinsa, farar hodar nan da ke jikin irin wannan aku ta ƙaru har tana bayyana a hannun rigata. Atishawar ta tafi. Bai sake faɗuwa ba, alhamdu lillahi. Da muka koma gwajin jini, kalsiyam ya hau inda ake so, likita ta sake haska bakinsa ta nuna mini 'yan tsinayen sun fara dawowa. Ya fi shan ruwa fiye da da, kuma ya ƙirƙiro wata ɗabi'a ta ɗaukar felet ya tsoma a kwanon ruwa kafin ya ci, don haka ruwan sai an canja shi sau da yawa a yini.

Wata ƙawata da ta ga Jatau ta ce za ta sayi irin felet ɗin nan ta ba ƙananan tsuntsayenta, sai na ce ta fara ganin likita, domin dangin aku ba cikinsu ɗaya ba. Ƙananan aku irin su bajarigar da kokatil asalinsu tsuntsayen busassun filayen Ostireliya ne masu cin tsabar ciyawa, kuma likitoci da dama suna bar musu kason tsaba fiye da na manyan aku. Lori da loriket, masu harshe kamar buroshi, ruwan fure da 'ya'yan itace ne abincinsu, suna da haɗin da aka yi musu na musamman. Babban makaw mai launin shuɗi na Barazil kuwa da ƙwarar 'ya'yan dabino-dabinon daji yake rayuwa, yana buƙatar mai fiye da abin da ke cikin felet na gama-gari. Ta kai nata an duba su, an auna su, ta sayi nata sikelin, yanzu tana cikin makonnin farko na canjin, kuma kusan kullum sai ta turo mini hoton takardar ƙasan kejinta tana tambaya ko launin kashin ya yi daidai.